Yadda ake koya wa ɗaliban jami'a mu'amala da mutanen wasu al'adu ta aikin haɗin gwiwa a intanet

Haɗa ɗalibai shida daga ƙasashe biyu a taron bidiyo ba ya koya musu komai a karan kansa. Abin da ya fi faruwa shi ne su gaisa, su tambayi juna ƙarfe nawa ne a can, su yanka aikin gida shida, kowa ya tafi da nasa, a daren ƙarshe mutum ɗaya ya tattara su cikin takarda guda ya miƙa. An yi aiki, an ba da maki, amma babu wanda ya shiga halin da dole sai ya gane abin da abokinsa yake nufi. Wani lokacin ma ci gaban mai haƙar rijiya ake yi: ɗalibi ya shiga da zargin cewa mutanen ƙasa kaza ba sa mutunta lokaci, saƙonsa ya yi kwana biyu babu amsa, ya fito yana cewa ai yanzu gani ya kori ji.

Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya yi magana a kan haka tun 1954. Ya ce cuɗanya tsakanin mutanen da suka bambanta tana rage ƙyamar juna ne idan an cika wasu sharuɗɗa: matsayin ɓangarorin ya zama ɗaya a cikin abin da ya haɗa su, burinsu ya zama ɗaya, aikin ya kasance na haɗin kai ba gasa ba, kuma hukumar da ke sama da su ta tsaya musu. Duk abin da zai biyo baya ƙoƙari ne na gina waɗannan sharuɗɗa a cikin kwas, da ƙari guda ɗaya: a saba wa ɗalibi ya tsaya ya dubi saɓani kafin ya yanke hukunci.

Hanyar tana da tarihi. A 1997 malaman Faransanci a jami'ar MIT ta Amurka suka fara shirin Cultura, inda ɗalibansu ke musayar ra'ayi da ɗaliban Faransa ta intanet. A tsakiyar shekarun 2000 Jami'ar Jihar New York ta buɗe cibiyar COIL, sunan da yanzu jami'o'i da yawa ke kiran irin wannan haɗin aji da aji. Shirin X-Culture, wanda Vas Taras ya kafa a 2010, yana haɗa ɗaliban kasuwanci na ƙasashe da dama su warware matsalar kamfani na gaske. Tarayyar Turai ma ta gudanar da nata a ƙarƙashin shirinta na ilimi da musayar ɗalibai, Erasmus+, daga 2018 zuwa 2020. Malamin da ba shi da abokin aiki a waje yana iya shigar da ɗalibansa cikin shiri irin waɗannan. Wanda kuma yake so ya gina nasa, ga yadda ake yi.

Malaman biyu su fara

Tun ran gini tun ran zane. Ku fara magana da malamin ɗaya jami'ar aƙalla zangon karatu ɗaya kafin ɗalibai su haɗu, kuma abu na farko da za ku shimfiɗa a gabanku shi ne kalandar makarantun biyu, ba batun darasi ba. A Amurka zangon kaka yana farawa wajen ƙarshen Agusta ya ƙare a tsakiyar Disamba, da hutu a ƙarshen Nuwamba. A yawancin jami'o'in Jamus darussan zangon hunturu sai tsakiyar Oktoba suke farawa. Ke nan abin da ajin biyu za su samu tare bai wuce mako takwas zuwa tara ba. A Japan shekarar karatu a Afrilu take farawa, a Brazil kuma wajen Fabrairu ko Maris. Ku cire makon jarrabawa, ku cire ranakun hutu da bukukuwan addini na ɓangarorin biyu, abin da ya rage shi ne tsawon aikinku. Idan bai kai mako biyar ba, ku ɗage zuwa wani zangon. Ƙasa da haka ana rabuwa ne daidai lokacin da aka fara sanin juna.

Na biyu shi ne maki, kuma nan ne shirye-shirye da yawa suke mutuwa ba tare da an gane dalili ba. Idan aikin yana ɗauke da kashi 30 na makin kwas a wannan jami'a, a waccan kuwa na ganin dama ne, to ɗalibai biyu za su zauna a tawaga ɗaya, ɗaya yana ganin sakamakonsa a cikin haɗari, ɗaya yana yi ne idan ya samu sarari. Na farko zai ɗauka na biyun malalaci ne, ya ɗora laifin a kan al'adarsa, alhali malamai ne suka haddasa abin. Ba dole nauyin ya zo daidai wa daida ba, amma kada tazarar ta yi yawa, kuma ranakun miƙa aiki su zama iri ɗaya. Kowane malami ya ba nasa ɗaliban maki bisa dokar jami'arsa, da ma'auni guda da kuka rubuta tare.

Ba sai fannin karatu ya zama ɗaya ba. Ajin injiniya da ajin aikin jarida suna iya yin aiki mai kyau, sau da yawa ma ya fi, domin kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ke buƙata. Abin da ya kamata ya kusanci juna shi ne yawan ɗalibai. Aji mai mutum 20 da aji mai mutum 90 ba za su ba da tawaga mai daidaito ba, sai dai a ɗauki rukuni ɗaya daga babban ajin.

Ku tambayi juna ƙananan abubuwan da ake jin nauyin tambaya. Yaya ɗalibanka suke kiranka, da sunanka ko da muƙami? Cikin kwana nawa kake amsa imel? Idan ɗalibi ya makara da aiki, me kake yi? Sun saba da aikin rukuni ko da lacca da jarrabawa kawai? Amsoshin nan su ne bambancin da ɗalibai za su ci karo da shi nan gaba. Sannan ku ware minti 20 kowane mako ku biyu, ku bi tawagogin ɗaya bayan ɗaya.

Me ake so ɗalibi ya iya

Kada a rubuta cewa ɗalibi zai “fahimci al'adun duniya”. Ba a auna wannan. A rubuta abin da ido zai gani, kuma uku sun isa: ya iya bayyana wani abin da ya faru a tawagarsa ba tare da ya cusa hukunci a ciki ba, tare da kawo fassara aƙalla biyu ga abin; ya iya sauya yadda yake magana ko rubutu domin abokin da harshen aikin ba nasa ba ne; ya iya faɗin wata ɗabi'a tasa da ya ɗauka haka kowa yake yi, sai aikin ya nuna masa ba haka ba ne. Na ukun shi ne mafi wuya kuma mafi daraja. Darla Deardorff, wadda ta fitar da tsarinta na wannan ƙwarewa a 2006, ta sa sanin al'adar kai a cikin ginshiƙan abin, tare da girmamawa da son sani da iya sauraro.

Aikin da ba ya yankuwa

Nan ya kamata ku ɓata mafi yawan lokacinku. Gwajin mai sauƙi ne: ku karanta umarnin aikin, ku tambayi kanku ko ɗalibi mai ƙwazo zai iya yin sa shi kaɗai cikin dare ɗaya da intanet. Idan zai iya, haka za a yi.

Aikin kwatance irin na “kowa ya rubuta yadda ake yi a ƙasarsa” shi ne ya fi yankuwa, domin kowa ya san nasa. Ku juya shi. Misali, batun shi ne yadda ɗalibai ke zubar da sharar roba a harabar jami'a. Ɗaliban ɓangare na farko su tsara kamfen ɗin wayar da kai domin harabar ɓangare na biyu, na biyu su tsara domin ta farko. Yanzu babu wanda ya san wurin da yake yi wa aiki. Dole ya tambayi abokinsa: ina ake taruwa, wa ake jin maganarsa, wane irin hoto ne zai ba da dariya, wanne ne zai zama cin fuska. Dole kuma abokin ya fita ya ɗauko hotuna, ya yi hira da mutum biyar ko goma, ya kawo. Idan an gama, masu wurin su duba su ce wannan zai yi aiki a nan, wannan ba zai yi ba, ga dalili. A wannan “ga dalili” ne ake samun darasin da ake nema.

Akwai wasu hanyoyin hana yanka aiki. A raba bayanan da ake buƙata, rabi a hannun wannan aji, rabi a hannun wancan. A sa kowane sashe na rahoto ya zama mutum biyu daga ƙasashe biyu suka rubuta shi. A nemi shawara guda ɗaya tak a ƙarshe, wadda duk tawagar za ta sa hannu, domin cim ma matsaya ɗaya shi ne ke fito da yadda kowa yake musu, yake ƙin abu, yake sassautawa.

Ku yi hattara da aikin da ke mai da ɓangare ɗaya mai taimako, ɗayan abin taimako: ɗaliban ƙasa mai arziki suna “warware matsalolin” ƙasa matalauciya, su kuma waɗancan suna kawo bayanai kawai. Wannan ya rushe sharaɗin daidaiton matsayi tun daga tushe. Kowace harabar jami'a tana da matsalarta, kowane ɓangare ya zama gwani a wani abu, ɗan koyo a wani.

Tawaga, agogo da kayan aiki

Mutum huɗu zuwa shida a tawaga. Ƙasa da haka, idan ɗaya ya ɓace aiki ya tsaya. Fiye da haka, ana samun wurin ɓuya kuma sa lokacin taro ya gagara. Malamai ne za su haɗa su, kuma kada a bar mutum ɗaya tilo daga wata jami'a a tsakiyar huɗu na ɗayar, domin za su gama magana a aji su kawo masa sakamako. Shugabancin taro da rubuta abin da aka tsayar su riƙa zagayawa mako-mako.

Lokaci a rubuta shi da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya da ake lissafa lokacin kowace ƙasa daga gare shi, kowa ya lissafa nasa. Dalilin shi ne canjin agogo: Turai tana tura agogonta gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris ta mai da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka kuwa a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba. Saboda haka tazarar New York da Landan, wadda aka sani awa biyar, takan koma huɗu na wasu makonni, ga ƙasashe da yawa kuma da ba sa canja agogo sam. Indiya tana gaban UTC da awa biyar da rabi, rabin nan yana rikita mutane. Tsakanin Sao Paulo da Tokyo awa 12 ne cur, don haka ko yaushe wani ne zai tashi da asuba ko ya kai dare. A riƙa karɓa-karɓa, kada wahalar ta tsaya a kan ɓangare ɗaya. Kwanan wata a rubuta sunan watan, domin 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a yawancin duniya kuwa 3 ga Afrilu. Ranar hutun mako ma ba ɗaya ba ce: a Masar da Saudiyya Juma'a da Asabar ne.

Kayan aiki uku sun wadatar: wurin taron murya ko bidiyo, wurin saƙon yau da kullum, da takardar haɗaka da kowa zai iya rubutu a ciki. Ku gwada su daga ɓangarorin biyu kafin a fara. Manhajojin Google ba sa buɗewa yadda aka saba a babban yankin China. Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40. Jami'o'in Tarayyar Turai suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta GDPR tun 2018, wasu ba za su yarda a tilasta wa ɗalibi amfani da manhajar da ba su amince da ita ba, kuma naɗar taro sai da izinin kowa. A tsara komai bisa ƙarfin wanda intanet ɗinsa ya fi rauni: kyamara a buɗe minti biyar na farko domin a ga fuskar juna, bayan nan wanda data ke ba shi wahala ya rufe, kuma duk abin da aka tsayar a taro a rubuta shi domin wanda layinsa ya yanke.

Abin da za a koyar kafin su haɗu

Zama biyu a aji sun isa, kowane malami da nasa ɗaliban. A ba su ra'ayoyi kaɗan da za su ba abin da za su gani suna. Masanin al'adu Edward T. Hall ya bambanta wuraren da ake faɗin magana ƙarara da wuraren da rabin ma'anar take cikin yanayi, dangantaka da abin da ba a faɗa ba. Ya kuma bambanta masu bin abu ɗaya-ɗaya bisa agogo da masu haɗa abubuwa da yawa suna fifita mutum a kan jadawali. Geert Hofstede, daga binciken ma'aikatan kamfanin IBM da aka yi tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da ma'aunai kamar girman tazara tsakanin shugaba da na ƙasa, da fifita kai ko fifita jama'a.

A koyar da su tare da gargaɗi mai ƙarfi. Alƙaluman Hofstede matsakaicin ƙasa ne, ba hoton mutum ɗaya ba. Ɗalibar da za ta bayyana a allonka gobe tana da shekarunta, fanninta, gidan da ta tashi da halinta na kanta. Ra'ayoyin nan na yin tambaya ne, ba na yi wa mutum lakabi ba. Malamin da ya raba wa ɗalibai jerin “yadda mutanen ƙasa kaza suke” ya ba su sandar da za su doki abokansu da ita.

Abin da ya fi ka'idojin amfani shi ne atisayen matakai uku da ake dangantawa da masanan sadarwa tsakanin al'adu Janet da Milton Bennett: bayyana, fassara, sannan hukunci. A nuna wa aji wani saƙo, misali amsar da ta ce kawai “Wannan sashen bai yi ba, a sake shi.” A ce su faɗi abin da suka gani. Nan take wani zai ce rashin kunya ne. A tsayar da shi: wannan hukunci ne, me ka gani? Jimla ɗaya, babu gaisuwa, babu yabo, akwai umarni. To me zai iya sa mutum ya rubuta haka? Ƙila a wurinsu faɗin gaskiya kai tsaye girmamawa ce. Ƙila kalmominsa a harshen ba su da yawa. Ƙila a waya ya rubuta yana sauri. Sai bayan an kawo fassara uku a yarda a faɗi yadda aka ji. A maimaita da misali huɗu ko biyar har ya zama jiki.

Mako bayan mako

Makon farko na sabo ne kawai, kada a taɓa aikin. Binciken Sirkka Jarvenpaa da Dorothy Leidner a ƙarshen shekarun 1990 a kan tawagogin ɗalibai na ƙasashe daban-daban ya nuna cewa hirar sanin juna da nuna ɗoki a farko suna taimakawa wajen kafa yarda, amma abin da ke riƙe ta daga baya shi ne amsa a kan lokaci da sadarwar da aka san lokacin zuwanta. Kowa ya aiko da bidiyo ko saƙon murya na minti ɗaya: sunansa da yadda ake furta shi, yadda yake so a kira shi, da hoton wurin da yake karatu. Sai atisayen da Cultura ta shahara da shi: a ba ajin biyu kalmomi iri ɗaya, kamar iyali, nasara, 'yanci, malami, kowa ya rubuta kalmomi uku da suka faɗo masa, a jera amsoshin gefe da gefe. Ɗalibai da kansu za su ga cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su fara tambayar juna dalili.

Mako na biyu tawaga ta rubuta yarjejeniyarta, shafi ɗaya. Kada a karɓi “za mu girmama juna”. A nemi lamba da suna: za mu amsa saƙo cikin awa 24 ko 48, taronmu ranar kaza ƙarfe kaza UTC, idan mutum zai makara zai faɗa kafin wa'adi da kwana ɗaya, idan ya yi kwana uku shiru, wane ne zai neme shi, ta wace hanya, idan mun kasa daidaitawa, ga yadda za mu yanke. A sa su tattauna ma'anar “wa'adi” kanta, domin wani yana jin ta a matsayin ƙarfe 12 na dare ba ƙari, wani kuma a matsayin wajen ranar.

Daga mako na uku zuwa na biyar aiki ne, da ƙaramin abin miƙawa kowane mako: tambayoyin hira, bayanan da aka tattara, daftarin farko. Wa'adi ɗaya a ƙarshe yana ɓoye tawagar da ta mutu har sai lokaci ya ƙure. A wannan tsakanin ne rigima take tashi, kuma masanin halayyar ɗan Adam Bruce Tuckman ya riga ya bayyana tun 1965 cewa ƙungiya takan ratsa zangon saɓani kafin ta daidaita. A gaya wa ɗalibai haka tun farko domin kada su ɗauka tasu ce kaɗai ta lalace. Kowane mako a ware minti 15 na aji a tambaya: me ya ba ku mamaki, me ya ba ku haushi? A bi abu ɗaya da matakan nan uku, ba tare da kiran sunan kowa ba.

Mako na shida gabatarwa, kowa ya yi magana. Idan agogo bai ba da dama ba, a naɗa. Mako na bakwai, idan akwai shi, na waiwaye ne da sallama.

Shiru, da sauran abubuwan da ke ɓata aiki

Ƙorafin da zai fi zuwa teburinku shi ne “ba sa amsawa”. Catherine Cramton, a binciken da ta wallafa a 2001, ta nuna cewa mutanen da ke aiki daga nesa ba sa sanin halin da abokansu ke ciki, suna kasa gane ma'anar shiru, sai su jingina shi ga halin mutum maimakon yanayinsa. Shiru ma magana ce, amma a intanet ba a san wace ba. Yana iya zama yarda, ko ƙin yarda da aka ji nauyin faɗa, ko rashin fahimta, ko makon jarrabawa, ko ɗaukewar wuta, ko saƙon ya tafi manhajar da mutumin ba ya dubawa. Kada malami ya karɓi aikin daga hannunsu nan take. Ya tambayi ɗalibin: me ka rubuta daidai, nuna mini. Sau da yawa za a tarar saƙon doguwar magana ce ga kowa da kowa, babu tambaya, babu suna, babu rana. A sa shi ya sake: sunan mutum ɗaya, tambaya ɗaya, da ranar da ake son amsa, ta wata hanyar daban. Idan kwana uku sun wuce, sai malamin ya tuntuɓi abokin aikinsa, shi kuma ya nemi ɗalibinsa. Kada malami ya tsawata wa ɗalibin da ba nasa ba.

Na biyu shi ne rinjayen harshe. Wanda harshen aikin nasa ne yakan yi magana da sauri, da karin magana da barkwanci, ya cike duk wani gurbin shiru, ya ƙare shi ne shugaba ba tare da an naɗa shi ba. Sauran su koma masu gyaɗa kai, a ɗauka ba su da ra'ayi. Gyaran yana wuyan mai ƙarfin harshen: ya rage gudu, ya bar kalmomin unguwa, ya ƙirga daƙiƙa biyar a zuci bayan ya yi tambaya. A aika ajandar taro kwana ɗaya kafin lokaci domin mai buƙata ya shirya kalmominsa, a kuma fara da kowa ya rubuta ra'ayinsa a takardar haɗaka kafin a buɗe baki. Manhajar fassara tana da amfani wajen gane saƙo, a bar su su yi amfani da ita, amma su faɗa idan sun yi, domin takan goge ladabi ko ta ƙara kaushin da babu shi a asali.

Na uku shi ne “to” da ba ta nufin an yarda. Tambayar “kun gane?” kusan kullum e take samu. A koya musu su rufe taro da kowa ya faɗa da bakinsa abin da zai yi da ranar da zai kawo.

Akwai kuma tawagar da ta tsage gida biyu, “mu” da “su”, kowane ɓangare da zaurensa na ɓoye. Alamarta ita ce rubutun ɗalibai ya cika da “su”, babu sunan kowa. Maganinta a sake raba aikin makon zuwa mutum biyu-biyu, ɗaya daga kowace jami'a, domin da wuya mutum ya ci gaba da ganin ƙasa guda a fuskar wanda suka yi awa ɗaya suna gyara sakin layi tare.

Siyasa da addini za su taso ko ba a gayyace su ba. Ba a hana su, amma a tuna cewa a wasu ƙasashe abin da ɗalibi ya rubuta a intanet yana iya jawo masa matsala ta gaske, don haka kowa yana da 'yancin cewa ba zai shiga wannan ba, kuma ba a ɗaukar hoton hira a yaɗa. Cin zarafi ko wariya kuwa ba bambancin al'ada ba ne da za a zauna ana nazari. Malaman biyu su shiga a ranar.

Yadda za a raba maki

Idan duk makin yana kan rahoton ƙarshe, ɗalibi mai wayo zai gane cewa hanya mafi sauri ita ce ya ture sauran ya rubuta shi kaɗai. Rabon da muke ba da shawara shi ne kashi 40 ga aikin tawaga, 30 ga rubutun waiwaye na kowane ɗalibi, 20 ga abin da abokan tawaga suka shaida a kansa, 10 ga miƙa ƙananan ayyukan mako a kan lokaci. Shaidar abokai a karɓe ta sau biyu, a tsakiya da ƙarshe, a asirce, da tambayoyi a kan abin da aka gani: ya halarci taro, ya kawo nasa, ya nemi ra'ayin wasu. A karanta ta da lura, domin a wasu wuraren ba ɗan'uwa maki kaɗan abin kunya ne, a wasu kuma ba komai ba ne. A dubi bayanin da aka rubuta fiye da lambar. Kada a hukunta lafazi ko kuskuren nahawu sai idan kwas ɗin na harshe ne.

Rubutun waiwaye ya zama gajere, kalma 200 zuwa 300 kowane mako, a kan abu ɗaya da ya faru. Wanda ya ce “na koyi cewa duk mu ɗaya ne” bai kai ko'ina ba tukuna. Milton Bennett ya sa irin wannan rage girman bambanci a cikin matakan da mutum bai fita daga kallon duniya da idon al'adarsa ba. Rubutun da ya cancanci cikakken maki yakan zo kamar haka: ranar Talata na ce daftarin abokiyata yana da kurakurai uku, ta yi shiru har ƙarshen taro, na ɗauka fushi ta yi, sai na tambaye ta ita kaɗai, ta ce ba ta saba a gyara mutum a gaban jama'a ba, a taro na gaba na aika mata gyaran tun da wuri, ita ce ma ta kawo shi da kanta. Akwai rana, akwai abin da aka faɗa, akwai zaton farko, akwai tambaya, akwai abin da aka canja. A cire sunaye daga rubutu biyu ko uku irin wannan, da izinin masu su, a nuna wa ɗaliban zango mai zuwa a zamansu na farko.